Baba Fanya, Tafintan da Aka Mayar Ɗakin Fayil

Ina tsaye a barandar kotu ranar Talata da hantsi, ina jiran a kira shari'armu, sai wayata ta yi ƙara. Zainabu ce, babbar 'yar Malam Shu'aibu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Anti Hauwa, Baba ya cika." Na yi salati, na sake yi, sannan na tambaye ta yaushe, kamar sanin lokacin zai rage mini wani abu. Ta ce bayan an idar da sallar asuba, a gida, kansa a kan cinyar matarsa Inna Talatu. Za a yi jana'iza bayan azahar.

Matar da na zo wa shari'ar tana zaune a benci da goyonta. Da ta ga fuskata sai ta miƙe. Na gaya mata, amma ba ta san shi da sunansa na yanka ba, sai da na ce, "Baba Fanya, tsohon nan da ya karanta miki sammaci a ofishina." Ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na shiga na roƙi a ɗage zaman, aka ɗage nan take. Tun da na fara aikin lauya, ranar ce kaɗai na nemi a ɗage shari'a ban ji kunyar wadda nake karewa ba.

Iyalansa sun ce in rubuta wani abu a kansa, tunda na fi shekara ashirin ina tare da shi. Na san abin da ake so a irin wannan rubutu: mutum ne mai haƙuri, mai fara'a, ba ya faɗa da kowa. To, Baba yana da haƙuri, yana da fara'a, amma ya yi faɗa, kuma an cuce shi saboda faɗan. Idan na ɓoye wannan na ci amanar mutumin da bai taɓa sassauta maganar wani ba. Saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri idan ya ji ɗaci a bakina.

Mahaifinsa mutumin Keffi ne, ɗan unguwar Gangaren Tudu, wanda fatauci ya kai shi tsibirin nan na ƙasar Ikwatoriyal Gini da tsofaffinmu ke kira Fanya. Can ya auri 'yar ƙasar, can aka haifi Shu'aibu a birnin Malabo, ya yi makaranta da Sifaniyanci, harshen Turawan da suka mulki wurin. Yana saurayi zama ya gagari baƙi a tsibirin, uban ya ɗauko shi suka dawo gida, uwar da ƙanwarsa suka tsaya. Bai sake saka uwarsa a ido ba. Da ya iso Keffi Hausarsa a karkace take, samarin unguwa suka laƙaba masa Fanya don tsokana, sunan ya bi shi har kabari. Amma Allah ya ba shi kunne. Ya zo da Turancin broka, ya koyi na boko, ya auri Inna Talatu 'yar Eggon ya kwashe harshenta tas, ya tsinci Mada da Gwandara a kasuwa. Da wannan aka ɗauke shi tafinta a kotun da na same shi.

Tafinta a kotunanmu ba kowa ba ne. A takarda ya ɗara masinja da taki ɗaya, a aikace ko takin babu. Na sha ganin an aiki Baba sayo tuwo, da furfurarsa, yaron da bai kai ɗansa ba ne ke aikensa. Amma idan aka zauna shari'a, auren mutum da 'ya'yansa da mutuncinsa a bakin tafinta suke rataye, domin abin da ya faɗa shi alƙali ke rubutawa.

Ina da shekara ashirin da biyu aka ɗauke ni mai buga takardu a kotun. A satina na biyu aka kawo shari'ar wata mata mai sayar da doya, Laraba, 'yar Eggon, da mijinta direban tifa. Sun rabu, ana jayayya a kan 'ya'ya uku. Da ta shigo ta durƙusa ta gaida alƙali da Hausa, don haka aka ce ba ta buƙatar tafinta. Baba yana zaune a kujerarsa ta gefe, hannu a naɗe. Alƙali ya zuba mata tambaya da sauri, da kalmomin shari'a masu nauyi, ko ta amince ta janye buƙatarta ta riƙon yara a bar su hannun ubansu. Ta ce, "E, na yarda." Alƙali ya ɗauki biro.

Baba ya miƙe. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ta ji ba."

Alƙali ya ce, "Da Hausa ta amsa. Zauna."

Bai zauna ba. Ya ce, "Hausar sayar da doya take ji, ranka ya daɗe. Ba ta jin Hausar da ake raba uwa da 'ya'yanta da ita. A ba ni izini in tambaye ta da harshenta. Idan ta sake cewa ta yarda, a hukunta ni."

Alƙali ya yi masa nuni da hannu cikin fushi. Baba ya juya ya yi wa Laraba magana da Eggon a hankali. Ina kallon fuskarta lokacin da maganar ta shige ta. Ta dafe ƙirji, ta yi baya kamar an hankaɗa ta, ta fara magana ba tsayawa. Ashe ita a zatonta tambayarta aka yi ko ta yarda 'ya'yan na mijin ne. Aka soke abin da aka rubuta, aka ci gaba da shari'a, a ƙarshe ta tafi da ƙananan biyu.

Da aka tashi ya zo ya tsaya a kan teburina. Ya ce, "Hauwa'u, kada ki buga 'ta yarda' sai kin ga idonta ya yarda. Baki yakan ce to don tsoro." Wannan ne karatun farko da ya ba ni, kuma har yau ban sami malamin jami'ar da ya ba ni wanda ya fi shi ba.

Bayan shekara huɗu aka kawo ƙarar da ta ci masa kujera. Wata mata ce 'yar Mada ke neman a raba aurenta, mijin kuwa ƙanin wani babba ne. Kafin zama wani daga cikin manyan ofishinmu ya ja Baba gefe, a gabana, ya ce idan matar ta fara tone-tone ya taƙaita, ya ce sun sami saɓani irin na miji da mata. Baba ya ce, "To, na ji." Da aka zauna, matar ta faɗi yadda mijin ya zane ta da wayar wuta har cikinta ya zube, ta faɗi ranar, ta faɗi wanda ya kai ta asibiti. Baba ya mayar da maganarta Hausa kalma bayan kalma, da muryar da na bayan kotu ma ya ji. Bai ƙara ba, bai rage ba. Da wancan babban na ofishinmu ya tare shi daga baya ya ce ba ka ce ka ji ba, sai ya amsa, "Na ji ka, ranka ya daɗe. Ita ma na ji ta. Ita ce ta yi rantsuwa."

Sati bai zagayo ba aka mayar da shi ɗakin fayil, wani kurkuku a bayan ginin, inda gara da ɓeraye ke cin shari'un mutane. Aka ɗora masinja a kujerarsa, wanda Madarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Abokan aikinmu suka ce ai shi ya ja wa kansa, taurin kai gare shi, talaka bai san iyakarsa ba. Babu wanda ya buɗe baki ya tsaya masa, har da ni. Abin da ban taɓa faɗa wa iyalansa ba sai yau shi ne, ni na buga takardar canjin. An miƙo mini, na karanta, na san zalunci ne, na saka takarda a keken rubutu na buga, domin ina tsoron aikina. Ni kuma aka ba na kai masa.

Ya saka tabarau ya karanta har ƙasa. Ya ce, "Kin buga daidai, babu kuskure ko ɗaya." Na fashe da kuka. Ya ce, "Share hawayenki. Ki je ki karanta lauya, ki daina buga maganar wasu."

Shekara bakwai ya yi a ɗakin nan har ya yi ritaya. Shekara bakwai mutumin da ke jin harshe bakwai yana kakkaɓe ƙura, mata na shiga kotu suna cewa "na yarda" a kan abin da ba su ji ba. Ina so waɗanda suka sa hannu a takardar su lissafa, idan suna iyawa, yara nawa aka raba da iyayensu a tsakanin nan. Shi dai bai zauna banza ba. Ya karance fayilolin ɗaya bayan ɗaya, har ya san dokar aure da saki da riƙon yara fiye da wasu masu baƙar riga. Ni kuma na bi maganarsa, na yi karatun da wahala, ina aiki ina makaranta.

Ranar da na buɗe ofishina a unguwar Tudun Ƙofa, wani shago tsakanin tela da kemis, sai ga shi a kan acaɓa da bencinsa na katako. Ya ajiye a bakin ƙofa ya ce, "Na zo aiki." Na ce, "Baba, ba ni da abin ɗaukar ma'aikaci." Ya ce, "Wa ya ce ke za ki ɗauke ni?"

Shi ya kafa dokar cewa za mu riƙa buɗewa Asabar da Lahadi. Mutanenmu birkiloli ne da leburori da masu shara da masu gadi, waɗanda ke bin motar Abuja tun da jijjifi, da mata masu talla da masu wanke-wanke. Yakan ce, "Idan aka ɗage shari'ar mai aikin yini, tukunyarsa aka ɗage." A kan bencin nan yake zaunar da su, ya karanta musu abin da takarda ta ce da harshen da suke mafarki da shi. Ya gaya wa wadda aka saka cewa ba a korar ta daga ɗaki tana cikin idda. Ya gaya wa magidancin da surukai suka ɓoye masa 'ya'ya cewa yana da haƙƙin ganinsu, domin Baba ba mata kaɗai yake tsaya wa ba. Wasu kuma ya saurare su awa biyu, ya sa a kira mijin, su tashi sun shirya ba tare da na rubuta komai ba. Idan na yi ƙorafi sai ya ce, "Ba kowace ƙara ce ke son kotu ba. Wata kunne take nema."

Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar da la'asar, Maman Joy mai gidan abinci kusa da tasha ta shigo tana jan wata mata da hannu. Ta ce mai wanke-wankenta ce, sunanta Marisa, kullum tana kuka a kan kwanuka, Hausarta kuma guntu-guntu ce, ba a gane kan zancen sai dai "yara" da "miji". Na yi mata Hausa, na yi Turanci, na yi broka, muna ta kame-kame. Can matar ta gaji, ta sunkuyar da kai ta yi wata magana ƙasa-ƙasa, ita da Ubangijinta. Sai na ji Baba daga bakin ƙofa ya amsa mata da wani harshe da ban taɓa jin ya yi da kowa ba sai a waya da ƙanwarsa. Marisa ta ɗago kamar an kira ta daga barci. Ta rarrafa ta kama ƙafarsa. Sun fi awa suna magana, ni da Maman Joy muna zaune kamar baƙi.

Ga abin da ya fassara mini. 'Yar Malabo ce. Wani ɗan Keffi mai aikin wutar lantarki, Lawal, ya je can aiki, ta musulunta, aka ɗaura musu aure a masallacin unguwar Hausawa, suka haifi Usman da Amina. Da aiki ya ƙare ya dawo da su gida. Bayan shekara ɗaya ya sami aiki a Abuja, ƙafarsa ta ɗauke. Wata rana ya zo ya ce zai kai yara garin Nasarawa su gaida kakarsu, ya tafi da su da fasfonta a jakarsa. Kwana uku bayan nan ya turo mata saki a waya, da Hausa, wadda ba ta iya karantawa. Maƙwabciya ce ta karanta mata a tsakar gida, a gaban 'yan haya. Usman yana da shekara tara a lokacin, Amina uku.

Muka shigar da ƙara. A zama na biyu lauyan Lawal ya fito da wata takarda da Sifaniyanci, da hatimi, da sa hannun Marisa, an liƙa mata fassarar Turanci da ba sunan kowa a ƙasanta. Fassarar ta ce Marisa ta sallama wa uban riƙon yaran har abada. Aka nuna mata sa hannun, ta ce nata ne. Na roƙi a ba Baba takardar ya duba. Ya karanta sau biyu.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan izinin tafiya ne. Uwa ce ta yarda yaranta su hau jirgi da ubansu, domin ita sai bayan sati biyu za ta biyo su. Ma'aikatan iyaka ke neman irinta. Babu kalmar riƙo a ciki, babu sallamawa, babu har abada."

Lauyan ya miƙe yana murmushi. Ya ce, "Wannan dattijon a wace jami'a ya karanta Sifaniyanci? Ina takardar shaidarsa?"

Baba ya ce, "Shaidata tana kabari a Malabo. Ita ta haife ni."

Alƙali ya yanke cewa ba za a karɓi fassararsa ba sai ta wanda ke da shaidar karatu. Na miƙe na tambaya, to waccan fassarar da ba ta da suna fa, wace jami'a ta yi? Aka ce in zauna, za a duba. Wannan abu har yau yana ci mini rai. Takardar da ba ta da uba ta zauna a fayil ana kiranta hujja, mutumin da ya sha harshen a nono kuma aka mayar da shi abin dariya, saboda rigarsa ta koɗe.

Daga nan aka shiga ɗage-ɗage. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyansu ba shi da lafiya, jibi ma'aikata na yajin aiki. Sau ɗaya aka ce fayil ya ɓata. Baba ya roƙi mai tsaron ɗakin fayil ya bar shi ya shiga, cikin minti goma ya fito da shi daga inda aka cusa shi, a ƙarƙashin shari'un filaye. Kowane zama Marisa sai ta bar aiki ta zo ta wuni a benci, a ce ta dawo wata mai zuwa. Ba don Maman Joy mace ce mai tsoron Allah ba da tuni ta rasa aikin. Sau biyu ta je Nasarawa ganin yaran aka hana ta shiga, domin ba ta iya bayanin kanta.

A lokacin ciwon suga ya riga ya kama Baba, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga sai silifas. Duk da haka sau huɗu ya bi motar haya zuwa Abuja neman mai shaidar da kotu ke so. Na hana shi, Inna Talatu ta hana shi, Zainabu ta ɓoye masa silifas ɗin, ya fita da na banɗaki. Ya ce mini, "Yarinyar nan ba ta da kowa a ƙasar nan sai wanda ke jin ta. Idan na kwanta ta zama bebiya." A tafiya ta huɗu ya samo wata malama mai koyar da harshen, ta yarda ta zo ta yi rantsuwa. Lokacin an canja alƙali, an kawo wani mai sauraro. Malamar ta karanta fassararta, ta zo daidai da abin da Baba ya faɗa wata goma sha huɗu da suka wuce, ko wasali bai bambanta ba. Aka ba Marisa riƙon yaranta, uban ya ciyar kuma ya riƙa ganinsu, a mayar mata da fasfonta. Wanda ya ƙirƙiri fassarar ƙarya kuwa, ba a ko tambayi sunansa ba. Babu kuma wanda ya juya ya ce wa Baba yi haƙuri.

Aka sa ranar Asabar da safe za a kawo yaran ofishina. Kakarsu ce ta kawo su, wata tsohuwa mai kamala, fuskarta a ɗaure. Usman yana hango uwarsa ya ruga ya faɗa jikinta. Amina kuwa, wadda ta haura shekara huɗu, ta maƙale a bayan zanen kakarta. Marisa ta durƙusa ta miƙa hannu, tana kiranta da Sifaniyanci, da irin kalmomin da take yi mata tana goye. Yarinyar ta kalle ta kamar baƙuwa, ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, wace ce wannan? Me take cewa?" Harshen ya fita daga kanta ƙaf. Marisa ta gwada 'yar Hausarta, kuka ya kakkarya ta, ba abin da ya fito.

Baba ya sauko daga bencinsa, ya dafa bango, ya zauna a ƙasa dirshan da kumburarrun ƙafafunsa, tsakanin uwa da 'ya. Ya ce, "Amina, zo ki ji. Wannan ita ce mamanki. Cewa take yi kin yi tsawo, kin yi kyau."

Yarinyar ta yi ta wasa da bakin zanen kakarta. Can ta ce, "To me ya sa ta gudu ta bar ni?"

Na yi wa Baba alama da ido kada ya faɗa mata wannan. Bai ko kalle ni ba. Ya juya ya mayar wa Marisa tambayar yadda take. Na ga maganar ta soke ta. Ta haɗiye kukan, ta amsa a hankali, Baba yana bin ta da Hausa: "Ta ce ba ta gudu ba. Ta ce kullum tana nan Keffi tana neman ki. Ta ce sau biyu ta zo ƙofar gidanku, tana jiyo muryarki a ciki, aka ce ta koma."

Kakar ita ma ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Malam, ɗana ce mini ya yi ta sallama su ta bi wani. Ni na hana ta shiga. Ka gaya mata ta yafe mini, don girman Allah." Baba ya gaya mata. Marisa ta kama hannun tsohuwar. Amina ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tako a hankali, ta sa yatsa ta taɓa ɗankunnen uwarta, ta bari aka ɗauke ta.

Da suka tafi Baba ya kasa tashi, sai da na kira tela muka ɗaga shi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba, ko lokacin da aka mayar da shi ɗakin fayil. Ya ce, "Hauwa'u, na fassara tsakanin ɓarawo da mai kaya, na fassara tsakanin miji da mata. Ban taɓa zaton zan rayu in fassara tsakanin uwa da 'yar da ta haifa ba. Wannan ba Lawal kaɗai ya yi shi ba. Duk wanda ya ɗage zaman nan yana da hannu." Wannan ne aikinsa na ƙarshe. Bai sake zuwa ofis ba. Sati bakwai bayan nan ya rasu.

A zaman makoki ina cikin gida tare da mata, na jiyo wata murya daga rumfar maza da ban manta ta ba. Wancan babban ne, wanda ya ce a taƙaita maganar matar nan, ya zo da babbar riga yana cewa an yi rashin mutum mai gaskiya, irinsu sun yi ƙaranci. Ban fita ba, saboda darajar gidan da ta mamacin. Amma tunda na san zai karanta wannan, ina gaya masa: gaskiyar da kake yabo yau ita ce ka kulle shekara bakwai tare da gara. Ta'aziyyarka ta isa, amma haƙƙinsa yana nan, kuma kotun da za a saurare shi ba a ɗage zama.

Waɗanda suka cika tsakar gidan kuwa ba su zo da jawabi ba. Mata ne 'yan Eggon da Mada da Gwandara da Hausawa, masu hijabi da masu ɗankwalin coci, wasu sun bar tallarsu, wasu sun roƙi izini a wurin aiki. Marisa ta zo da yaranta, ta zauna kusa da Inna Talatu, ba mai jin wata sosai, suna riƙe da hannun juna. Har yau kuma, a kotuna da yawa da nake shiga, kujerar tafinta wayam take, ana ta tambayar mutane ko sun yarda suna cewa to. Ban san wanda zai miƙe ba yanzu. Ni dai na yi shiru sau ɗaya, kuma na ga abin da shirun ya jawo.

Ya Allah, ga bawanka Shu'aibu ya zo gare ka. Ka san bai ci amanar harshen kowa ba, ka sa harshensa ya tabbata lokacin tambaya. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanya ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka saka masa da Aljannar Firdausi saboda kowane yaro da ya kwana a jikin uwarsa ta dalilinsa. Ka ba Inna Talatu haƙurin rashin abokin zama na shekara arba'in da ɗoriya. Ka rufa wa Zainabu da ƙannenta asiri, ka haɗa kansu, kada ka bar su su nemi mai tsaya musu su rasa. Mu da muka rage, ka ba mu ƙarfin faɗin abin da muka ji yadda muka ji shi, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.